Rumfar Anti Noelene

Duk matar sojan da ta zauna a Townsville a shekarun nan, in dai likitoci sun sallami mijinta daga aiki, to ta san Noelene Haddrick. In ba ta je wurinta ba, ita Noelene za ta zo. Ba ta jiran gayyata. Sai dai ka ji tsohuwar farar motarta ta tsaya a ƙofar gida tana tari, ga mace gajera kakkaura ta fito da malafa a ka, hannu ɗaya riƙe da kwanon kek mai kwakwa, ɗaya kuma da jaka. A cikin jakar nan akwai guduma da 'yan ƙusoshi.

Wanda bai taɓa zama a gidan da soja ke bai wa masu iyali ba, ba zai gane zancen gudumar ba. Ranar da za ka bar irin gidan, mai dubawa yana zuwa ya bi bango da ido, ya shafa saman ƙofa da yatsa, ya leƙa cikin murhu. Ramin ƙusa ɗaya ya isa a tsayar da kai. Saboda haka mu matan soja ba ma kafa ƙusa. Hotunan aurenmu a jingine suke da bango, a ƙasa ko a kan kabad. Furanni a tukunya muke shuka su. Labule kuwa ba ma yanka shi daidai da taga, sai dai mu naɗe shi, don ba mu san tsawon tagar gaba ba. Gwanintarmu ita ce mu bar gida kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba, kuma muna alfahari da hakan, ka ji wauta.

Noelene ta yi wannan rayuwa tun tana 'yar shekara sha tara, lokacin da ta auri Merv, direban motar soja. Ta zauna a garuruwa da dama, ta haihu a uku daga ciki. Bayan rasuwar Merv ne ta roƙi wani coci a unguwar Wulguru ya ba ta aron rumfar kwano da ke bayansa, inda ake ajiye kujeru. Ta share ta, ta kawo butar shayi da fanka mai ƙara, ta buɗe ƙofa. Babu allo, babu suna. Kowa dai Rumfar Anti Noelene yake cewa.

Aikin da take yi a wurin yana da wuyar lissafawa, don ita ma ba ta lissafa shi. Mutum ne ya yi shekara ashirin ana gaya masa lokacin tashi, abin da zai sa, likitan da zai gani, garin da zai zauna. Rana ɗaya a karɓe katinsa na shiga bariki, a yi masa godiya. Akwai ƙattin da suka je yaƙi suka dawo, amma ba su san yadda ake kiran asibitin unguwa a nemi ganin likita ba. Noelene ce ke zama kusa da su har su kira. Ita ke raka su kanti sayen rigar neman aiki, tana hana su ɗauko launin ganye irin na kayan soja. Ita ke koya musu yadda za su gaya wa mai ɗaukar ma'aikata abin da suka iya, da harshen mutane ba da na bariki ba. In takardun neman haƙƙin rauni sun gagara, tana da wasu tsofaffin sojoji da ke zuwa ranar Talata su zauna da kai. Matan kuwa ranar Alhamis muke haɗuwa, mu sha shayi, mu zagi mazanmu, mu yi kuka, mu koma gida mu dafa musu abinci. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Yanzu rumfar babu ita. An gina wata cibiya babba mai ƙofar gilas da na'urar sanyi, da ma'aikata masu kirki waɗanda suka karanci aikin, kuma ba na raina su, sun taimaki mutane da yawa. Amma har yau in na wuce bayan cocin nan lokacin damina, ina jin kewar ƙarar ruwa a kan kwanon, yadda sai mun ɗaga murya kafin mu ji juna, Noelene tana zagayawa da bokitai tana tarar yoyo tana tsine wa rufin.

Ni sunana Kirrily, mijina Wade Pascoe, saja ne a rundunar sojan ƙasa. Wajen atisaye ya faɗo daga mota ɗauke da kaya a bayansa. Aka yi masa aiki a ƙashin baya, aka sake yi, daga ƙarshe likitoci suka ce aikin soja ya ƙare masa. Bai yi gardama ba, don bai iya gardama da umarni ba. Ya dawo gida da sanda da jakar magani, ya ce da ni an ba mu lokaci mu bar gidan soja.

Akwai wata alfarma da ake yi wa wanda aka sallama: ƙaura ta ƙarshe. Sau ɗaya tak, cikin wa'adin da aka yanka, soja za su aiko mota su kwashe kayanka zuwa duk garin da ka zaɓa. Wade ya ƙi taɓa wannan dama. Da motocin abokai muka kwashe kayanmu zuwa wani gidan haya a Wulguru, mai bishiyar mangwaro a baya. Na buɗe kwalin tukwane da na kayan 'yarmu Tamsin, wadda ke ajin farko na sakandare. Sauran kwalaye suka zauna a gareji da falo, a ɗaure, Wade yana zaune a tsakaninsu daga safe har yamma. In na kai hannu zan yanke igiyar wani, sai ya ce in bari tukuna.

A wannan hali Noelene ta same mu. Ta shigo ta dire kek a kan wani kwali, ta dubi falon, ta dubi hotunanmu da ke jingine a ƙasa, sannan ta dubi Wade.

Ta ce, "Kai ne Sajan? Na zata za ka fi haka girma. Ungo."

Ta miƙa masa guduma da ƙusa. Ya ce gidan haya ne. Ta ce ta san mai gidan, tun yana yawo ba wando ta san shi, kuma ya ce a kafa. Wade ya ce ba za mu daɗe ba. Ya faɗa da ladabi, har da murmushi, amma hannuwansa suna kan gwiwa bai ɗaga su ba. Ni ce na fusata na fizge gudumar. Na buga ƙusar a karkace, fenti ya ɓare, na rataya hoton Tamsin tana jaririya. Ji na yi kamar na yi sata. Wade ya tashi da sandarsa ya koma gareji.

Noelene ta yanka kek ta ba ni, ta ce kada in damu, wasu sai an zo musu sau da yawa. Ta ce in zo rumfa ranar Alhamis. Na je, kuma ban sake fashi ba.

Da Disamba ta gabato, garin ya shiga hayaniyar da ya saba. Lokacin sauyin wurin aiki ke nan, manyan motocin kwasar kaya a kowane layi, zafi kamar zai narkar da kwalta don a nan Disamba tsakiyar zafi ce, jemagu sun addabi mangwaro. Ni kaina na tarar ina rage abincin da ke cikin firiji kamar mai shirin ƙaura ba tare da na sani ba, alhali babu inda aka tura mu. Sabo turken wawa. A lokacin ne aka mayar da Fitzy, babban abokin Wade, da wasu daga cikin sojojin da Wade ya jagoranta zuwa Darwin, wani gari mai nisa. Ranar da ya ji labarin, Wade ya yi aski, ya goge takalmi, ya ci abinci da mu a tebur. Rabon da in ga haskensa haka tun kafin ya faɗi. Ya ce ya yanke shawara, Darwin za mu, can yaransa na soja suke, zai nemi motar ƙaurar kafin wa'adi ya cika.

Tamsin ta ajiye cokali ta shige ɗaki. Yarinyar ta canza makaranta har ta gaji, sai a wannan ne ta samu ƙawa ta gaske. Ni ma na fara aiki a wani kantin magani, aiki na farko da ban gaya wa mai shi cewa zan tafi ba. Amma ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Na san in na ce a'a, zan kashe ɗan hasken nan da ya dawo masa, kuma ban san abin da zai rage na mijina ba. In na ce to, zan bi mutum zuwa wurin da ba shi da gurbi. Duk ta inda na juya, Wade nake gani yana suɓuce mini.

Washegari da rana na tafi rumfa. Noelene na wanke kofuna. Na zazzage mata komai, na ce ta zo ta yi masa magana, ta hana shi, tunda ita ba ta tsoron kowa. Ta ci gaba da wanke-wanke har na zata kunnen uwar shegu ta yi mini. Sai da ta kife kofi na ƙarshe ta ce in zauna.

A ranar ta ba ni labarin Merv, kuma ban sake jin ta ba wani ba. Ashe ba aiki ne ya kawo su Townsville ba. A kudu suke lokacin da mota ta kife da shi ta murƙushe masa gwiwa, aka sallame shi. A shekarar aka ɗauko rundunarsu aka kawo nan, Merv ya ce nan za su. Noelene ba ta ce uffan ba. Ta ɗaure gida cikin 'yan kwanaki kamar yadda ta iya, ta cire yara daga makaranta, suka biyo motar kaya. Suka kama haya a inda ake hango ƙofar bariki daga baranda. Da farko abokai na zuwa duk Juma'a, a gasa nama a sha giya. Disamba ta zo ta kwashe rabinsu. Wata Disambar ta kwashe sauran. Aka wayi gari motocin da ke fita daga ƙofar babu direban da ya san Merv, shi kuwa yana baranda yana ɗaga musu hannu. Giyar da a da ake sha cikin taro, ya koma shanta shi kaɗai, ita ce ta ƙarasa abin da mota ta fara.

Ta ce, "Ya gane kuskure ne tun watan farko, 'yar nan. A idonsa na gani. Amma ta ina zai faɗa? Ya tumɓuke mace da yara uku, ya cinye ƙaurar ƙarshe. Kunya ta rufe masa baki, ni kuma biyayya ta rufe nawa."

Na ce ai shi ya sa nake so ta hana Wade.

"In kin hana shi, ke ce kika raba shi da yaransa, har ya mutu haka zai gan ki. In kin bi shi da kaya, kin zama ni. Ki saya masa tikiti. Ya je shi kaɗai, ba kwali ko ɗaya, ya ce neman gida ya je. Gani ya kori ji."

"Anti, mutumin da ba ya iya sa safa sai na taimaka masa? In ya je bai dawo ba fa?"

Ta ce, "Zai iya yiwuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na tashi na fita ko sallama ban yi mata ba. A mota na kira ta tsohuwar banza, na ce don nata ya lalace take so ta yi gwaji da nawa. Na yi fushin kwana biyu, a na uku na sayi tikitin. Wade ya yi murna, ya ɗauka na amince ne. Na kai shi filin jirgi, na tsaya ina kallon bayansa yana ɗingishi da jaka a kafaɗa, ya ƙi yarda a tura shi a keke.

Kwanakin da ya yi a can ba na son tuna su. Yakan aiko saƙo a gajarce, ya iso, akwai zafi, ya ga wani gida. Daga nan sai shiru. Noelene ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba, amma kullum na dawo daga aiki sai in tarar da wani abu a bakin ƙofa, yau kwanon miya, gobe mangwaron da aka fere. Na ci, ina ci ina jin haushinta.

Ya dawo wata Asabar da safe, a tasi, bai ce in je ɗauko shi ba. Ya wuce ta cikin gida ya zauna a matakalar baya. Na haɗa shayi na kai masa, na zauna a ƙasa da shi. Da ya fara magana, bishiya yake kallo.

Ya ce sun karɓe shi hannu bibbiyu, kada in zata wani ya wulaƙanta shi. Sai dai ya yi jira a bakin ƙofar bariki har Fitzy ya fito ya sa hannu, aka rataya masa katin baƙo a wuya. Aka kai shi wurin cin abinci, yaran suka kewaye shi, wannan ya rungume shi, wancan ya tsokane shi a kan tumbin da ya fara. Suka ba shi tsohuwar kujerarsa ta kan tebur. Ya ce ya manta da sanda, ya manta da baya. Ana cikin haka aka yi kiran gaggawa, duk suka miƙe lokaci ɗaya, shi ma ya miƙe tare da su, har ya buɗe baki zai ba da umarni. Sai ya ga kowa ya tsaya yana kallon katin da ke wuyansa. Ba a barin baƙo shi kaɗai a cikin bariki. Dole sai Fitzy ya raka shi ƙofa kafin su tafi.

Ya ce, "Daga wurin zuwa ƙofa da nisa, Kirrily. Fitzy ya rage sauri saboda ni. Yana ta ba ni labari, yana dariya, yana satar kallon agogo. Mota na can a kunne, mutum goma suna jira. Ni suke jira. Duk rayuwata ban taɓa zama abin da ake jira ba."

Na dafa ƙafarsa. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya dube ni, karo na farko tun da ya shigo.

"Ke a ina kike so mu zauna?"

Ni da ba a rasa magana a bakina, ni da nake da amsar tambayar da ba a ma yi mini ba, na buɗe baki babu abin da ya fito. Tun ranar da aka ɗaura mana aure takarda ce ke zuwa ta faɗi sunan gari, ni kuma in nemo kwalaye. Na san garuruwan da ba na so. Wanda nake so kuwa ban taɓa zama na yi tunaninsa ba. Na ce masa ban sani ba, ba wanda ya taɓa tambayata. Ya ce ya sani, shi ma bai taɓa tambayata ba, in yafe masa. Nan na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, shi kuma ya ce in yi tunani a hankali, ba inda za shi.

Na ɗauki makonni kafin in amsa. Na tambayi Tamsin, na zagaya unguwa da ƙafa ina kallonta kamar baƙuwa. Daga ƙarshe na ce nan. Wa'adin ƙaurar ya zo ya wuce ba mu kira motar ba. Ba zan ce komai ya gyaru ba, bayan Wade har yau yana hana shi barci, kuma akwai watannin da sai da Noelene ta tisa shi a gaba zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Amma yana nan. Daga baya ma ya shiga cikin tsofaffin sojojin ranar Talata.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan dawowarsa na koma rumfa, ina jin nauyin zagin da na yi mata a mota, ko da yake ba ta ji ba. Na same ta ita kaɗai tana jera kujeru. Na ba ta labari tun daga ƙofar bariki har zuwa tambayar da ya yi mini, da yadda na rasa amsa. Na zata za ta yi dariya ta ce ai ta faɗa. Sai ta zauna a kan kujerar da ke hannunta, ta cire malafa ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Ke an tambaye ki ba ki da amsa. Ni kuwa da amsata a shirye, tun satin aurenmu nake riƙe da ita."

Na ce ina ne. Ta ce wani ɗan gari ne na masunta a tsibirin Tasmania, can kudu, sun taɓa kwana biyu a can ita da Merv suna ango da amarya. Akwai sanyi, hayaƙi na fita ta saman gidaje, mutane na yawo da rigar ulu. Ta ce ita fa ba ta taɓa son zafi ba, fatarta ba ta jure shi, shi ya sa ba ta rabuwa da malafa. Na ce to yanzu me ya hana ta, yara sun girma, ba mai riƙe ta. Ta ce wa za ta bar wa rumfar, ga wata yarinya can a unguwar Kelso mijinta ya rasa ido, gobe za ta je ganinta. Ta mayar da malafar, ta ce in kama mata ɗaya gefen teburin.

Ba ta koma garin ba ko da ziyara. A nan Townsville muka binne ta, cikin watan Janairu ana tsananin zafi, kusa da Merv.